Uwargida, Me Ya Sa Haske Ke Kashe Miki Ido?

 

Uwargida, ko ya taɓa faruwa da ke ki fito daga ɗaki da hantsi za ki yi shanya, ki ji hasken rana ya soke ki a ido kamar an tsira miki allura, sai kin sa hannu kin kare fuska, ga hawaye na zuba alhali ba kuka kike yi ba? Ko da daddare a kawo wuta, yara suna ta murna, ke kuwa ƙwan fitilar falo ya hana ki sakat har ki ce a kashe a bar na waje? In kin ɗauki waya sai kin rage haskenta, in kuna tafe a mota da dare fitilun motocin da ke tahowa su hana ki ɗaga kai. Da yawanmu muna fama da wannan, sai dai mukan bar shi a kan gajiya, ko mu ce girma ne ya fara zuwa, wata ma ta ce baki ne ya kama ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wata maƙwabciyata mai sana'ar tuyar ƙosai, wadda ta kwashe shekaru a bakin kasko. Da hunturu ya shigo sai idanunta suka matsa mata, kullum a ƙanƙance, kullum da gefen mayafi tana sharce hawaye. Da ƙyar 'ya'yanta suka lallaɓa ta ta je asibiti, likita ya duba ya ce idon ne ya bushe. Ta dawo tana ta faɗa: "Ke ji min likita! Idon da ke zuba kamar famfo shi ne ya bushe? Kuɗin mota kawai na yi asara." Ta jefa takardar maganin ƙarƙashin katifa, ta aika kemis aka sayo mata wani. Zan dawo kan abin da ya biyo baya. Amma maganar gaskiya likitan nan bai yi kuskure ba, kuma wannan ruɗanin shi ne ke hana mata da yawa gane abin da ke damunsu.

Yadda hawaye yake aiki

Allah cikin hikimarSa Ya lulluɓe gaban ido da wani ɗan siririn ruwa wanda ba ya rabuwa da shi dare da rana, ko kina kuka ko kina dariya. Wannan ruwa hawa uku ne. Na ƙasa mai yauƙi ne, shi ke sa ruwan ya manne a jikin ido. Na tsakiya shi ne ruwan kansa, wanda ke fitowa daga wata 'yar jaka da ke saman ido ta ɓangaren kunne. Na sama kuwa maiƙo ne, yana fitowa daga wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, daidai bayan gashin ido, wajen guda 20 zuwa 40 a kowace fata. Aikin wannan maiƙo kamar man da ke taso wa miya ne: muddin yana sama, miyar ba ta saurin ƙonewa. In ya yi ƙaranci, ko ƙofofin suka toshe, sai iska ta shanye ruwan cikin 'yan daƙiƙu kaɗan, tun kafin ki sake ƙifta ido. Mafi yawan masu bushewar ido matsalarsu ta maiƙon nan ce, ruwan yana nan amma ba ya zama.

To a ina haske ya shigo? Gaban ƙwayar ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi da ta rufe baƙin ido, likitoci na kiran ta koniya. Duk jikin ɗan Adam babu wurin da jijiyoyin jin zafi suka yi cunkoso kamar nan, sun ninka na fatar jiki sau ɗaruruwa, shi ya sa ɗan gashi ɗaya in ya faɗa miki ido sai ki ji kamar itace ne. Idan ruwan da ke rufe wannan gilashi ya ƙafe, abu biyu ke faruwa. Na farko, fuskar gilashin ta daina zama sumul, sai hasken da ya sauka a kai ya tarwatse maimakon ya shige kai tsaye, kamar yadda gilashin mota mai ƙura ke yi in rana ta doke shi. Na biyu, jijiyoyin nan sun zama a buɗe, iska da ƙura suna ta gogar su har su harzuƙa, kuma saƙon zafin da suke aikawa yana haɗuwa da saƙon haske a cikin ƙwaƙwalwa. Daga nan hasken da kowa ke zaune a cikinsa lafiya lau, ke sai ya zame miki azaba.

Hawayen da ke zuba kuwa na gaggawa ne. Ido ya ji raɗaɗi, sai ƙwaƙwalwa ta ba da umarni a sako ruwa da yawa lokaci guda, irin wanda kike zubarwa in kina yanka albasa. Tsagwaron ruwa ne babu isasshen maiƙo, ya gangaro kumatu ya tafi, idon ya koma gidan jiya. Sauran alamomin su ne jin kamar an zuba miki yashi, zafi-zafi, jan ido, nauyin fatar ido da yamma, da gani dishi-dishi wanda kan washe in kin ƙifta ido sau biyu ko uku. Wannan alama ta ƙarshe ki riƙe ta da kyau, domin matsalar da tabarau ke gyarawa ba ta washewa da ƙiftawa.

Me ya sa ya fi kama mu mata?

Wani ɓangare daga halitta ne. Sinadaran jikin mace suna da hannu a yadda maiƙon ido ke fita, don haka sau da yawa abin kan taso lokacin goyon ciki, ko shayarwa, ko ga mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, ya kuma fi tsananta bayan ɗaukewar al'ada, daga shekara 50 zuwa sama. Ciwon suga ma yana rage hawaye. Haka wasu magunguna da muke sha ba tare da tunanin komai ba, musamman na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da wasu daga cikin magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari. Ba cewa na yi ki daina shan maganin hawan jininki ba, a'a, ki dai faɗa wa likita don ya san da zancen.

Akwai kuma wata cuta da wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Henrik Sjögren ya yi bayaninta a 1933, har ake kiran ta da sunansa. A cikinta garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa wuraren da ke samar da hawaye da yawu, kuma cikin kowane mutum 10 masu ita, wajen 9 mata ne. Idan ban da ido bakinki ma kullum a bushe yake, ba kya iya haɗiye burodi ko gurasa sai da ruwa, haƙoranki na ta lalacewa, ga ciwon gaɓoɓi, to kada ki tsaya ga maganin ɗigawa, ki bayyana wa likita duka alamomin a zama ɗaya.

Ɗaya ɓangaren kuwa rayuwarmu ce ta yau da kullum. Ki duba ranarki tun daga asuba. Hayaƙin itace ko gawayi, tiririn mai da attaruhu, shara da ƙurarta, sannan da yamma a zuba turaren wuta a kasko a rufe ƙofa da taga don ƙamshi ya kama labule. Ni ma ina son turare, kuma ba zan ce wa matar aure ta bar shi ba, amma ba dole ne ki zauna cikin hayaƙin ba. Ki turara ɗakin ki ja ƙofa, in ya lafa ki shiga. Da dare kuma ga fanka an saita ta daidai fuska har gari ya waye, kuma akwai mutanen da idonsu ba ya rufuwa ruf in suna barci, irin waɗannan su ne ke tashi da ido kamar an zuba barkono.

Sai hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke fasa miki leɓe ta sa miki faso a dunduniya, ita ce ke busar da ido. Leɓe da ƙafa muna shafa musu mai, ido ne dai ba ma tunawa da shi.

Ga kuma waya. Mutum kan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowace ƙiftawa ita ke matso maiƙo ta shimfiɗa sabon ruwa. Da zarar an ƙura wa waya ido, ƙiftawar kan ragu da rabi ko fiye, wadda ake yi ɗin ma ba ta cika ba. Mai karatun littafi a waya har ƙarfe ɗayan dare, da mai ɗinki, da mai saƙa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Maganar kwalli

Na san nan ne wasu za su ɗaure fuska. Sanya kwalli sunna ce, hadisai sun ambaci ismidi, kuma ado ne da mace ba ta rabuwa da shi. Sai dai ba duk abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan tozali ne ismidi ba, da yawa dutse ne mai ɗauke da dalma. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, da aka bincika sai aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 na cikinsa dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Don haka jarirai da ƙananan yara dai a ƙyale musu ido. Ke kuma mai fama da bushewar ido, ki sani inda muke zizara kwalli, wato cikin bakin fatar ido, nan ne daidai ƙofofin maiƙon nan suke. Ki ɗan huta da shi har ido ya samu sauƙi, in za ki sa ki tsaya ta wajen gashin ido, ki wanke kafin barci, kuma kada a yi tarayya a maciyi ɗaya. Gashin ido na kanti da ake mannawa da gam, da gilashin da amare ke sawa cikin ido don canza launi, su ma sai a yi hattara da su.

Abin da za ki iya yi a gida

Abu mafi amfani kuma ba ya cin ko sisi shi ne gashi. Ki sami tsumma mai tsabta, ki tsoma a ruwan ɗumi wanda bayan hannunki zai iya jurewa, ki matse, ki rufe ido ki ɗora na minti 5 zuwa 10, in ya huce ki sake tsomawa. Ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare. Daga nan ki sa yatsa mai tsabta ki shafo fatar sama zuwa ƙasa, ta ƙasa kuma zuwa sama, a hankali, sannan ki goge bakin gashin idon. Sau ɗaya ko biyu a rana, kuma sai an jure makonni kafin a ga bambanci. A nan ne yawancinmu ke faɗuwa, mu yi kwana uku mu ce ba ya aiki.

Sai maganin ɗigawa da ake kira hawayen roba, wanda aikinsa kawai jiƙa ido ne. Na cikin kwalba yawanci akwai sinadarin hana lalacewa a ciki, wanda shi kansa kan dami ido in ya yi yawa, don haka in kina buƙatar ɗigawa fiye da sau huɗu a rana ki nemi marar wannan sinadari. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido, kuma yawancinsu in sun yi wata guda da buɗewa sai a yar. In kina aikin da ke buƙatar ƙura ido, duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki kalli wani abu mai nisa, ki ƙifta ido sosai. Ki kawar da fanka daga fuska, ki sha ruwa, ki yi girki inda iska ke wucewa. Ƙwayoyin man kifi masu tsada da ake tallatawa kuwa, wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2018 bai ga sun fi man zaitun da aka gwada su da shi amfani ba, don haka kuɗin gara ki sayi kifin ku ci da yara.

Baƙin tabarau yana da amfani a waje, musamman mai faɗi da ke tare iska ta gefe. Amma zama da shi cikin ɗaki, ko rufe labule a wuni cikin duhu, ƙara dagula lamarin yake yi, domin ido yana sabawa da duhun, ranar da kika fito sai hasken ya fi da zafi.

Yanzu bari in koma kan maƙwabciyata. Maganin da aka sayo mata a kemis ya yi mata daɗi ƙwarai, kwana biyu ja ya tafi, zafi ya tafi, har tana yi wa mutane tallarsa. Ta yi watanni tana ɗigawa, in ya ƙare a sayo wani. Da ta koma asibiti saboda ganinta ya fara raguwa, sai aka tarar ƙarfin ruwan cikin idonta ya hau. Maganin na cikin jinsin da ake kira sitiroyid, kuma a jikin wasu mutane yana jawo hawan jinin ido, wanda ke cinye jijiyar gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido, in akwai gyambo a idon ya ƙara rura shi. Allah Ya taimake ta an tare abin da wuri. Don Allah yau ɗin nan ki ɗauko duk maganin ido da ke gidanki ki karanta jikinsa. In kin ga an rubuta dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, kuma ba likitan ido ne ya rubuta ba, kada a ƙara ɗiga wa kowa, in kuma an daɗe ana amfani da shi a tafi da kwalbar asibiti a auna idon. Masu sa ido ya yi fari tas nan take su ma ba magani ba ne, in sun sake ki jan ya dawo fiye da da. Nonon uwa, ruwan suga, ruwan albasa, fitsari, da ruwan ganyen da ba a san shi ba, babu wanda ya dace da ido. Hakiya da yawa da kike gani a idon mutane daga nan ta samo asali.

Lokacin da ba bushewa ba ce

Bushewar ido takan zo a hankali, ido biyu, ta yi sauƙi ta dawo. Akwai gudun hasken da ba a kwana da shi a gida. In ya zo farat ɗaya a ido guda, da ciwo mai tsanani, da ja kewaye da baƙin ido, ko gani ya ragu bai washe da ƙiftawa ba, ko kin ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ko wani abu ya soki idon, to asibiti a ranar. Haka in ana ganin bakan gizo kewaye da fitila tare da ciwon kai da amai. In gashin ido ne ya juya ciki yana gogar ƙwayar, kamar yadda amosanin ido ke yi wa iyayenmu mata a karkara, tsigewa ba ta magani, akwai ɗan ƙaramin aiki da ake yi. Mai ciwon kai na ɓari ɗaya ita ma haske kan dame ta, amma nata yana zuwa ne tare da ciwon kan ya tafi tare da shi, kuma ana iya samun mace da duka biyun, kowanne na tsokano ɗan'uwansa.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na yara. Yaro ko babba da ke da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, yana juya wa haske baya, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, a ɗauka sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Annobar 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma a wannan ciwo awoyi kaɗan ma suna da muhimmanci. Yaron da ƙyanda ta kama ya runtse ido ya ƙi buɗewa, shi ma a kai shi, domin ƙyanda tana ƙarar da bitamin A na jiki, rashinsa kuma yana busar da idon yaro har gilashin ya narke cikin 'yan kwanaki. Alamar farko ta ƙarancin wannan bitamin ita ce dundumi, yaro ya riƙa tuntuɓe da magariba. Shi ya sa ake ɗiga wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5 bitamin A a baki duk bayan wata shida, kada ki bari ya wuce naki. Man ja, zogale, alayyahu, karas, gwanda, mangwaro da ƙwai duk suna ɗauke da shi. Jaririn da kullum yake hawaye yana ɓoye fuska daga haske, baƙin idonsa ya yi girma ko ya yi hazo-hazo, kada a tsaya yabon manyan idanu, yana iya zama hawan jinin ido na haihuwa.

Kada tsoron asibiti ya hana ki zuwa, gwajin bushewar ido ba shi da zafi. Wani lokaci ɗan launi ruwan ɗorawa ake ɗigawa a haska da shuɗiyar fitila a ga daƙiƙa nawa ruwan ke yi kafin ya tsage, in bai kai 10 ba akwai matsala. Wani lokaci kuma 'yar siririyar takarda ake maƙalawa a fatar ƙasa na minti 5 a auna inda ta jiƙe. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, ga kuma sashen ido a manyan asibitocin jihohi da na koyarwa.

Wasu kan tambaya game da ɗiga magani da azumi. Akwai wata 'yar hanya a kusurwar ido ta wajen hanci da ke kwashe hawaye zuwa hanci da maƙogwaro, ita ce ke sa majina in ana kuka, ita ce kuma ke sa ki ji ɗacin magani a baki. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin. A mazhabar Malikiyya abin lura shi ne isar ɗanɗanon ga maƙogwaro, wasu malaman kuma suna ganin ba ya karya azumi, don haka ki tambayi malaminku. Ta fuskar likitanci dai, in kin ɗiga ki rufe ido ki danne wannan kusurwa da yatsa na minti ɗaya ko biyu, hakan na rage gangarowar maganin, ya kuma sa ya daɗe a inda ake buƙatarsa. Mai hawayen roba tana iya yawaita ɗigawa tsakanin buɗa baki da sahur, ta riƙe gashin ɗumi da rana. Mai maganin hawan jinin ido kuwa kada ta tsallake ko sau ɗaya, ta je likita ya tsara mata lokutan tun kafin watan ya kama.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.